Yadda muka bi binciken haraji a Legas, daga wasiƙar farko har aka rufe fayil

Ni ke riƙe da littattafan lissafin wani shagon sarin wake, gero da dawa a gefen kasuwar Mile 12. Daga Dawanau ake yo mana lodi, muna da sito biyu da ma'aikata goma sha ɗaya masu albashin wata, ban da 'yan dako da ake sallama kullum. Rajistar sunan kasuwanci Alhaji, mai shagon, ya yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da kasuwanci, ba kamfani mai cin gashin kansa ba ne. Wannan bambancin shi ne farkon abin da mutum zai gane, domin shi ke nuna wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Idan rajistar suna ce, doka tana ɗaukar ribar shagon a matsayin kuɗin shigar mai shi, kuma jihar da yake zaune ce ke karɓar harajinsa, wato LIRS, hukumar harajin jiha, a nan Legas. Idan kamfani ne, harajin ribarsa na tarayya ne, na hukumar da aka sani da FIRS wadda yanzu ta koma NRS. Amma ko kamfani ne, harajin albashin ma'aikatansa na jiha ne.

A 2025 wasiƙar LIRS ta zo, tana cewa za a binciki shekarun 2021, 2022 da 2023. Alhaji ya ce, "Malam, ba mun biya na waɗannan shekarun ba?" Na ce, "Mun biya, ranka ya daɗe, amma biya daban, tantancewa daban." Doka ta ba su damar komawa baya har shekara shida, kuma idan suka ga alamar zamba ko ɓoyewa da gangan, wannan iyakar ma ba ta aiki. Shi ya sa ba a zubar da takardar da ba ta kai shekara shida ba, ko da ɓera ya fara cin gefenta.

Abin da suka nema ba ɓoyayye ba ne: jadawalin albashi na kowane wata, rasit na harajin albashi da aka biya, bayanan duk asusun banki, littafin saye da sayarwa, yarjejeniyar hayar sito, jerin waɗanda muka biya kuɗin aiki ko la'ada, da kwafin bayanan shekara da muka shigar. Kafin komai mun je ofishin haraji na yankinmu da wasiƙar a hannu muka tabbatar daga wurinsu ta fito, don a Legas ba kowane mai ɗauke da jaka da katin wuya ba ne ma'aikacin gwamnati. Ranar da suka sa ta yi mana kusa, saboda fitar da bayanan shekara uku daga banki huɗu ba aikin yini ɗaya ba ne. Sai muka rubuta neman ƙarin mako biyu, muka kai, aka buga mana hatimin karɓa a kan kwafinmu. Duk abin da za ka faɗa wa hukumar haraji, ka faɗa a rubuce, ka kuma riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Maganar waya ba ta shiga fayil.

Kwana biyu suka yi a shago, mutum biyu. Da albashi suka fara, kuma a nan ne muka fara ganin namu kuskuren. Mu a lissafinmu albashi shi ne abin da ake tura wa ma'aikaci a ƙarshen wata. Su kuwa duk abin da ya shiga hannunsa saboda aikin, albashi ne: kuɗin abinci da ake ba shi a hannu, kuɗin mota, goron salla, kyautar ƙarshen shekara. Ga yadda abin yake a tsohuwar doka, wadda ita ce ke aiki a kan waɗancan shekarun. Magatakardan sito yana karɓar naira 150,000 a wata, wato 1,800,000 a shekara. Ana fara cire masa rangwamen da doka ta ba kowa, naira 200,000 da kuma kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shigarsa, jimla 560,000. Saura 1,240,000. Naira 300,000 ta farko ana cire kashi 7, ta biyu kashi 11, sai 500,000 a kashi 15, ragowar 140,000 a kashi 19. Harajinsa na shekara ya kama 155,600, kuma haka muka riƙa biya. Amma muna ba shi 25,000 duk wata na abinci, ba mu sa a jadawali ba. Da aka haɗa, kuɗin shigarsa ya koma 2,100,000, harajin ya koma 201,200. Giɓin 45,600 ke nan a kan mutum ɗaya a shekara ɗaya. Ka ninka a kan mutum goma sha ɗaya, shekara uku, ka ɗora tarar kashi 10 da kuɗin ruwa. Kuma mai shago ake bi, ba ma'aikacin ba, don shi doka ta ɗora wa alhakin cirewa da kaiwa kafin ranar 10 ga wata mai bi.

Abin takaici shi ne da girki ake yi wa ma'aikata baki ɗaya a wurin aiki, da babu haraji a kai. Ba da kuɗin a hannu ne ya mai da shi albashi. Haka ma mota: idan shago ya sayi mota ya ba manaja yana harkokinsa da ita, ana ɗaukar kashi 5 na kuɗin sayenta a ƙara a kan kuɗin shigarsa duk shekara. Motar miliyan 8 tana ƙara masa 400,000 a lissafi ko da bai ga sisi ba.

Sai maganar wurin zama, wadda mutanenmu ke yawan ruɗewa a kai. Harajin albashi yana bin inda ma'aikaci yake zaune ne a ranar 1 ga Janairu na shekarar, ba inda shago yake ba, ba kuma garin haihuwarsa ba. Biyu daga cikin yaranmu a Ibafo suke kwana, ɗaya a Mowe. Waɗannan garuruwa a jihar Ogun suke, don haka harajinsu na Ogun ne, kuma can muke kaiwa. Masu binciken sun sa su cikin lissafi da farko, tun da sunayensu suna jadawalin albashi. Rasit ɗin haya da shaidar biyan da muka yi wa Ogun ne suka fitar da su. Amma wani direba da ya ce shi ai gidansa na Sakkwato, can iyalinsa suke, wannan bai karɓu ba. Mai gida biyu, wanda ya fi kusa da wurin aikinsa ake dubawa, shi kuwa ɗakinsa yana Ketu. 'Yan dako ba su zama matsala ba saboda akwai littafin sallamarsu na kullum, da suna da adadin buhu da abin da aka ba kowa. Su ba ma'aikatan dindindin ba ne, kuma tun gyaran dokar kuɗi ta 2020 wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba ba ya biyan wannan harajin.

Daga nan suka koma kan harajin da ake datsewa kafin a biya mutum, wanda a takardunsu suke rubuta WHT. Yawancin 'yan kasuwarmu ba su san suna da wannan nauyin ba. Duk shagon da ke cire harajin albashi, a waɗancan shekarun, wajibi ne idan zai biya haya ya riƙe kashi 10 ya kai wa gwamnati da sunan mai gidan. Hayar babban sitonmu miliyan 3 ce a shekara, wato 2,700,000 ya kamata mai gida ya karɓa, 300,000 ta tafi asusun gwamnati, a ba shi shaida ya rage a nasa harajin. Mu cif muka riƙa ba shi, shekara uku. Babu abin musu a nan, 900,000 ta hau kanmu da tararta. Kuma wa zai koma wa mai gida a Legas ya ce ya dawo da kuɗin hayar shekarar da ta wuce? La'adar dillalai da kwangilar jigila da muka ƙulla da wani mai tirela, kashi 5 ne a kansu a lokacin. Inda muka tsaya muka yi gardama wuri biyu ne. Na ɗaya, sun ɗora kashi 5 a kan duk hatsin da muka saya, alhali doka ta ware saye da sayarwa na yau da kullum daga wannan harajin. Na biyu, ƙaramin siton namu na wani kamfani ne mai rajista, kuma abin da aka datse daga kuɗin kamfani na tarayya ne, jiha ba ta da hurumi a kai. Takardar haya mai ɗauke da lambar rajistar kamfanin ita ta raba gardamar.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka kwatanta da asusun banki. Mai bincike yana tattara duk kuɗin da ya shiga asusu a shekara, ya ɗauke shi a matsayin ciniki, sai in ka nuna masa akasin haka. A 2023 abin da ya shiga asusunmu huɗu miliyan 412 ne, littafin sayarwa kuma miliyan 268 ya nuna. Tambayarsu ɗaya ce: ina sauran miliyan 144 suka fito?

Wanda ya san kasuwarmu ya san amsar. Ɗan uwa ya sayar da albasa a Mile 12, ba ya son tafiya da tsabar kuɗi, sai ya zuba a asusun Alhaji, a ba wa mutuminsa a Aliero. Wani ya turo kuɗi a saya masa buhu hamsin a haɗa masa a lodinmu, ba riba sai godiya. Ga adashin 'yan layi da Alhaji ke riƙewa. Ga kuɗin da muke kwashewa daga wannan asusu zuwa wancan don a biya mai kaya, wanda idan aka haɗa bayanan bankunan sai ya fito sau biyu. Shekarar 2023 kuma ita ce ta canjin kuɗi, lokacin da takardar naira ta yi wuya a farkon shekara, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, har wanda ba shi da asusu ya ari na maƙwabcinsa. Duk wannan amana ce, kuma kasuwa ba ta tafiya sai da ita. Sai dai amana ba ta da rasit, mai bincike kuma rasit yake karantawa. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne a kujerarsa, wani ya ce min miliyan sittin na 'yan uwa ne, da sai na ce ya nuna min.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne rarrabe wannan kuɗin layi bayan layi. Mun buɗe jadawali a kwamfuta, kowane kuɗin da ya shigo muka rubuta kwanan wata, wanda ya turo, adadi, da ajinsa. Canjin asusu zuwa asusu ya fi sauƙi, miliyan 48, domin fita a nan da shiga a can suna faɗuwa rana ɗaya da adadi ɗaya. Bashin banki na miliyan 20 yana da takardar yarjejeniya. Miliyan 6 kuɗin da masu kaya suka dawo mana da shi ne bayan ciniki ya warware. Adashi miliyan 9, littafin zubi ya tsaya mana. Kuɗin aike da na amana, miliyan 61, su ne suka ba mu wahala. Wanda ya shiga yau ya fita gobe zuwa wani suna a Arewa da adadi iri ɗaya, an karɓa, musamman da muka haɗa da rubutacciyar shaidar masu kuɗin. Wanda aka ba da shi tsaba a Dawanau ba tare da an rubuta ko'ina ba, ya tafi ke nan. Miliyan 44 muka iya tabbatarwa. Sauran 17 suka zauna a matsayin ciniki, kuma Alhaji ya biya haraji a kan ribar kuɗin da ba nasa ba.

Ɓangaren abin da aka kashe shi ma haka yake. Ƙa'idar tsohuwar doka ita ce ana cire kuɗin da aka kashe kacokan don samar da ribar, wanda ya zama dole, kuma bai wuce hankali ba. Hayar sito, albashi, kuɗin lodi da sauke kaya, maganin ƙwari na feshin wake, buhuna, man janareta, cajin banki, duk sun wuce. Kuɗin makarantar yara, cefanen gida, kujerar Umra, gudummawar biki, abin da ake aika wa iyaye, duk an mayar da su kan riba, domin na kashin kai ne ko da daga asusun shago suka fita. Zakka ma haka. Wannan ya yi wa Alhaji nauyi a zuciya, amma dokar haraji ba ta lissafa zakka cikin kuɗin gudanar da kasuwanci. Ƙaramar motar ɗaukar kaya da muka saya a 2022 mun rubuta kuɗinta gaba ɗaya a matsayin kashewar shekarar, wanda kuskure ne: kadara ce, ana cire kuɗinta ne kashi-kashi cikin shekaru bisa jadawalin da doka ta tsara. A gefe guda kuma mun gano akwai abin da muke da haƙƙin cirewa ba mu taɓa nema ba, kamar inshorar rai da Alhaji ke biya wa kansa. Fansho da kuɗin asusun gidaje na ƙasa su ma ana cire su kafin a lissafa haraji, ga wanda ke biya.

Manomi ko ɗan kasuwar ƙauye ba ya ba da rasit, kowa ya sani. Abin da ya maye gurbinsa a wurinmu shi ne littafin saye mai kwanan wata, yawan buhu, farashi da sunan dillali, haɗe da takardar lodi mai lambar mota da shaidar tura kuɗi. Idan uku ɗin nan suka yi daidai, ana karɓa. Watanni huɗu na 2021 da littafin ya ɓace, sai suka yi ƙiyasi, kuma doka ta ba su ikon yin haka idan babu takarda. Ƙiyasi kuwa ba ya taɓa faɗowa ta gefen mai biya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin da aka zauna aka rubuta da biro ɗaya a dare ɗaya, mai bincike yana gane shi tun daga shafi na biyu, kuma daga nan zai daina yarda da sauran takardunka na gaskiya.

Bayan makonni takardar neman biya ta iso: naira miliyan 16.4, haɗe da tara da ruwa, har da ƙananan abubuwa irin harajin raya ƙasa na naira 100 a kan kowane mutum da sabunta rajistar wurin kasuwanci na 5,000 a shekara. Daga ranar da aka miƙa maka wannan takardar kwana 30 gare ka ka shigar da ƙorafi a rubuce. Idan suka wuce ba ka yi ba, adadin ya tabbata, ko da kowa ya san akwai kuskure a ciki, kuma hukuma tana iya zuwa babbar kotu ta samo izinin rufe shago da kama kaya. Da yawa a nan suke faɗuwa. Takarda ta zo maigida yana Kano, yaron shago ya sa hannu ya jefa a durowa, ko kuma a ɓata kwanakin ana neman wanda ya san wani. Mu mun rubuta ranar karɓa a goshin takardar, muka ƙirga, muka kai ƙorafi a rana ta goma sha tara.

Ƙorafin da ke cewa "kuɗin ya yi yawa, a duba mana" ba ƙorafi ba ne. Namu ya ɗauki sunan shago, lambar mai biyan haraji, lambar takardar da kwanan watanta, sannan aka bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya: ga abin da kuka lissafa, ga abin da muka yarda da shi, ga dalilin bambancin, ga shafin da shaidar take. Mun ɗauki ƙwararren akanta mai lasisin aikin haraji ya duba ya sa hannu, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya rage mana ba. Abin da ba mu musa ba, miliyan 1.9 na giɓin albashi da hayar babban sito, muka biya nan take muka liƙa rasit. Biyan yana tsayar da ruwa a kan wannan kason, yana kuma nuna ba gudu kake yi ba. Ta eTax, shafin intanet na LIRS, ake fitar da lambar biya, a biya a banki cikin asusun gwamnati. Ba a ba wa kowa tsabar kuɗi a hannu, kowane ne shi. A kula da lambar da ake biya a ƙarƙashinta: wata huɗu na harajin albashin 2022 yaronmu ya biya su da lambar Alhaji ta kansa maimakon ta shago, shi ya sa suka fito kamar ba a biya ba, sai da muka rubuta neman a mayar da su inda ya dace.

Zama biyu muka yi da kwamitin daidaita lissafin bincike a Ikeja. Ba kotu ba ce, tebur ne, kowa da fayil ɗinsa. Mun je da kwafi biyu na komai, an jera bisa tsarin wasiƙar ƙorafin, ga asali a jaka don a gani a dawo mana da shi. Na roƙi Alhaji tun a mota cewa abin da ba a tambaya ba kada a amsa, abin da ba mu da tabbas kuma mu ce za mu kawo a rubuce. A ƙarshen kowane zama ana rubuta abin da aka amince da abin da ya rage, kuma sai mun karanta muke sa hannu. Sabuwar takarda ta fito da miliyan 4.1, har da wanda muka riga muka biya. Da sun ƙi gyarawa, da sai su ba mu takardar ƙin gyara, daga nan kuma wasu kwana 30 ne na kai ƙara kotun sauraron ƙararrakin haraji, wadda ke da zama a Legas. Mun auna miliyan 17 ɗin nan da ba mu da shaidarsu, muka ga ko an je can takarda za a tambaya, sai muka tsaya. Mun nemi a raba mana ragowar biya uku, aka amince a rubuce, bayan biya na ƙarshe muka karɓi wasiƙar da ke nuna an rufe binciken waɗannan shekarun. Sai da ita a hannu takardar shaidar biyan haraji ta Alhaji, wadda ke nuna shekara uku na baya, ta fito ba tare da tangarɗa ba.

Lissafin da na kawo a sama na tsohuwar doka ne. Sababbin dokokin harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 sun fara aiki 1 ga Janairun 2026. Yanzu naira 800,000 ta farko ba haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, a haka har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. An soke rangwamen nan na 200,000 da kashi 20, aka kawo rangwamen haya: kashi 20 na hayar da mutum ke biya a shekara, amma ba ya wuce 500,000. Magatakardan namu mai 1,800,000, idan hayarsa 600,000 ce kuma ya kawo shaida, za a cire masa 120,000, harajinsa ya zama 132,000. In bai kawo ba, 150,000. Don haka yanzu rasit ɗin hayar kowane ma'aikaci yana cikin fayil ɗinsa. Bayanan albashin shekara ana shigar da su kafin ƙarshen Janairu, na Alhaji kuma kafin ƙarshen Maris.

Asusun shago ya koma biyu, ba ya karɓar komai sai kuɗin kaya. Kuɗin aike da adashi suna da nasu asusun daban da littafi mai shafi biyu, shiga da fita, mai kuɗi yana sa hannu ko a ajiye saƙonsa na waya. Alhaji kuma yana ɗaukar adadi guda duk wata zuwa asusunsa na kansa, daga can cefane da zakka suke fita.